Daga E zuwa 5G: Yadda Za Ka Daidaita Wayarka da Sabis ɗin Saudiyya

Ƙorafin da aka fi ji a bakin 'yan'uwa mazauna Makka, Madina, Jidda da Riyad, har da alhazai da masu Umara, kusan iri ɗaya ne. An sayi layi, an zuba data, amma waya tana jan ƙafa. Ko ana cikin kira sai intanet ya ɗauke. Ko ga 5G ɓaro-ɓaro a saman allo amma hoto ɗaya ya ƙi isa Kano. Sai a ɗora wa kamfani laifi, a je a sayi wani layin, matsalar kuma ta bi mutum can. Abubuwa huɗu ne suke haɗuwa su ba ka sabis: irin fasahar da ke kan turken da yake kusa da kai, abin da wayarka take iya kamawa, yadda aka saita ta, da yawan mutanen da kuke rabon turken tare. Na biyu da na uku suna hannunka gaba ɗaya, kuma a cikinsu ne aka fi samun matsala.

Harafin da ke saman allo

Ɗan harafin nan da ke gefen sandunan sabis yana gaya maka zamanin fasahar da wayarka ta hau a wannan lokacin.

Idan G ko E ka gani, kana kan 2G. Tsarin GSM ne, wanda aka fara aiki da shi a Finland a 1991, kuma don murya aka gina shi. Saƙon tes na farko a Disambar 1992 aka aika shi. Daga baya aka liƙa masa intanet, aka sami GPRS sannan EDGE, wato G da E ɗin da kake gani. A kan E da wuya ka wuce kilobit 200 a daƙiƙa, don haka hoto mai nauyin MB 5 sai ya ci fiye da minti uku. Rubutun WhatsApp zai lallaɓa ya tafi, lambar sirrin banki za ta shigo ta tes, amma ka manta da bidiyo.

3G, H da H+ gida ɗaya ne. Japan ce ta fara buɗe 3G ga jama'a a Oktoban 2001, da gudun kilobit 384. Gyare-gyaren da suka biyo baya suka kai shi megabit 21, har 42 a takarda, ko da yake abin da yake isowa hannu bai cika wuce 'yan megabit kaɗan ba. Shi ne ya shigo da Facebook da taswira cikin aljihun mutane. Yanzu kuwa yana kan hanyar fita: kamfanoni a ƙasashe da dama suna kashe shi don su ba 4G da 5G zangunansa, wato mitocin da ake watsa sabis a kansu, na Saudiyya ma wannan hanyar suka bi. Wanda ya zo da wayar da iyakarta 3G, ya sa a ransa cewa E zai riƙa gani.

4G, wadda wasu wayoyi suke rubutawa LTE, ta fara ne a biranen Stockholm da Oslo a Disambar 2009, ta shigo Saudiyya a 2011. Babban canjin da ta kawo shi ne komai ya koma data, har murya, kuma za mu dawo kan wannan don a nan ne ake yawan faɗawa rami. Gudunta a gari yakan kama daga megabit 20 zuwa 80, jinkirin amsawarta kuma milisakan 30 zuwa 50. Idan ka ga 4G+ ko LTE-A, wayar ta haɗa zango biyu ko uku ne a lokaci guda. Duk abin da rayuwa ta dogara da shi a nan yanzu, manhajojin gwamnati irin su Absher, Nafath, Nusuk da Tawakkalna, manhajar banki, kiran Uber ko Careem, kiran bidiyo da iyali, 4G tana ɗaukarsa ba tare da ta ji nauyi ba.

5G ita ce ta baya-bayan nan. Ƙungiyar 3GPP, wadda take rubuta waɗannan ƙa'idoji, ta kammala kashin farko a 2018, Koriya ta Kudu ta buɗe wa jama'a a Afrilun 2019, a Saudiyya kamfanin stc ya bi sahu a Yunin wannan shekarar, kamfanin Zain kuma a Oktoba. Najeriya sai a 2022. A inda sigina yake da kyau ana samun ɗaruruwan megabit.

Kada lissafin ya ruɗe ka. Gudu da megabit ake auna shi, nauyin fayil kuma da megabayit, wato MB, kuma bit takwas ne suke ba da bayit ɗaya. Mai gudun megabit 20 yana sauke MB 2.5 ne a daƙiƙa, GB ɗaya zai ɗauke shi kusan minti bakwai. GB ɗin nan a kan E sai ya kwashe awa goma sha ɗaya.

Fara da wayar kafin layin

Duk wanda ya taɓa murɗa rediyo yana neman BBC ko Muryar Jamus a kan mita 16 ko mita 19 ya san cewa rediyon da ba shi da wannan mitar ba zai kama tashar ba komai ƙarfinta. Haka waya take. Rubutun 4G a jikin kwali bai isa ba, sai wayar tana da zangunan da ake watsa 4G a kansu a ƙasar da kake.

A Saudiyya zangunan 4G da za ka nema su ne B1, B3, B20, B28, B40 da B41. B3, mai megahaz 1800, shi ne na kowa da kowa, kusan kowace waya tana da shi, shi ya sa za ka ga 4G ta fito. Sai dai B20 da B28, masu megahaz 800 da 700, su ne suke ratsa bangon siminti su iske ka a cikin ɗakin masauki, su ne kuma suke kaiwa nesa a kan hanyar Makka zuwa Madina. B40 da B41 su ne masu faɗi, masu ɗaukar jama'a a cikin gari. Wayar da ta rasa B20 da B28 za ta riƙa zubar da sabis da zarar ka shiga ciki, wadda ta rasa B40 da B41 kuma za ta riƙa tafiyar hawainiya a wurin da na kusa da kai yake kallon bidiyo lafiya lau, alhali layinku ɗaya. A ɓangaren 5G, n78 mai megahaz 3500 shi ne babba, sai n41 da n40.

Yadda za ka duba: shiga saitin waya, gangara wurin bayanin wayar, kwafi cikakkiyar lambar samfurin, ba sunan talla kawai ba, domin waya mai suna ɗaya takan fito da zanguna daban-daban gwargwadon kasuwar da aka yi ta dominta. Saka lambar a shafin kamfanin ko a GSMArena, ka karanta jerin zangunan. Tecno, Infinix da itel na 'yan shekarun nan da aka saya a Najeriya ko Nijar galibi suna da mafi yawan waɗannan, tsofaffin da ƙananan ne ake samun giɓi.

Wayar hannu da aka shigo da ita daga Amurka tana iya zuwa a kulle da layin can. Kafin ka biya kuɗi, saka layinka a ciki a gaban mai shago, yi kira, buɗe shafi ɗaya. Danna *#06# ka gwada lambar IMEI da ta jikin kwali. Ka kuma sani cewa iPhone 14 da na bayanta da aka yi wa kasuwar Amurka ba su da ramin saka layi kwata-kwata, sai eSIM, wato layin da ake saka wa waya ba tare da kati ba. Manyan kamfanonin layi uku na Saudiyya, stc, Mobily da Zain, suna bayar da eSIM, amma layinka na gida mai kati ba shi da wurin zama a irin wannan wayar. iPhone 12 ce ta farko mai 5G, duk wadda ta girme ta 4G ce.

VoLTE, inda aka fi faɗawa rami

Tunda 4G ba ta san komai ba sai data, an daɗe ana wata dabara: da zarar kira ya shigo, sai waya ta sauka daga 4G ta koma 3G ko 2G, a gama magana ta hau. Lokacin da 3G take ko'ina ba a jin abin sosai. Da aka fara janye ta, sai saukar ta zama kai tsaye zuwa 2G, inda intanet yake tsayawa cik muddin kana kan kira. Shi ya sa direba zai kira ka yana tambayar inda kake, ka buɗe taswira ka tarar ta daskare. Shi ya sa kuma kira yake ɗaukar daƙiƙoƙi masu yawa kafin ya fara ƙara, wani lokaci a ce wa mai nemanka ba a same ka ba alhali wayar tana hannunka.

Maganin shi ne VoLTE, wato murya ta bi ta cikin 4G ɗin kanta. Kira yana shiga da sauri, murya tana fita tangaran, intanet kuma bai yanke ba. Ba ya cin datarka, daga kuɗin kira ko mintunanka ake cira kamar kullum.

A Android, shiga saiti, sashen layuka da netwok, zaɓi layin Saudiyya, kunna VoLTE. Wasu wayoyin suna rubuta shi da sunan kiran 4G. A iPhone yana ƙarƙashin zaɓin murya da data, a sababbi kuma a kunne yake zuwa. Gwajin mai sauƙi ne: kashe Wi-Fi, kira wani, ka zuba wa harafin saman allo ido. In ya tsaya a 4G ko 5G, ka tsira. In ya faɗo E ko ya ɓace, VoLTE ba ya aiki.

Idan maɓallin babu shi sam, fara da sabunta tsarin wayar, domin saitin kamfanonin layi a cikin sabuntawa yake zuwa. In bai fito ba, kira kamfanin ka tambaya ko an buɗe wa layinka, ko kuwa katin tsoho ne yana buƙatar sauyi. In duk an yi wannan shiru, to samfurin wayar ne ba ya cikin waɗanda kamfanin ya amince da su, kuma babu saitin da zai gyara. A ganinmu wanda zai zauna a ƙasar nan, in dai kuɗinsa na waya ɗaya ne, gara ya sayi mai 4G da VoLTE ɗinta yake aiki da ya sayi mai 5G da ba a gwada ba.

Sayen layi

Manyan kamfanoni uku ne masu turakunsu: stc, Mobily da ta fara aiki a 2005, da Zain da ta zo a 2008. Sauran irin su Virgin Mobile, Lebara da Salam Mobile haya suke yi a kan turakun waɗancan, don haka sabis ɗinsu na mai masaukinsu ne. Babu wanda ya fi kowa a ko'ina. Tambayi maƙwabcin da kuke bene ɗaya ko abokin aikinka wane layi ne yake ja a daidai wurin, wannan ya fi kowace talla.

A shago shariha za ka ce kana so, wato layi da Larabci. Mazauni zai ba da iƙama, baƙo kuma fasfo da bizarsa, inda ake duba lambar shigowa ta kan iyaka, sannan a ɗauki dangwalen yatsa, dokar da aka fara tun 2016. Kada ka karɓi layin da wani ya miƙo maka a bakin titi an riga an yi masa rajista. Ranar da ya ɓata ko aka rufe shi ba ka da bakin magana, kuma Absher, Nafath da banki duk da lambar da ke kan sunanka suke aiki. Haka nan kada ka dangwala wa kowa yatsa don ya buɗe layi, duk abin da aka aikata da shi kai za a nema. Hukumar sadarwa ta CST tana da hidimar Arqami, inda za ka ga dukkan lambobin da aka yi wa rajista da sunanka. Duba ta, in ka ga baƙuwar lamba ka kai ƙara a rufe.

Wajen zaɓen tsarin data, karanta rabon da kyau. Da yawa ana raba shi biyu: datar komai da komai, da datar kafofin sada zumunta kaɗai. Mutum zai ga WhatsApp da Snapchat suna aiki amma Nusuk ya ƙi buɗewa, ya ɗauka manhajar ce ta lalace, alhali kason farko ne ya ƙare. Duba wa'adin kwanaki, ka tuna akwai harajin kashi 15 cikin ɗari, in kuma an ce akwai mintunan ƙasashen waje, nemi jerin ƙasashen ka tabbata Najeriya, Nijar, Ghana ko Chadi tana ciki. Don duba abin da ya rage na kuɗi: *166# a stc, *1411# a Mobily, *142# a Zain. Masu kula da abokan hulɗa kuma 900, 1100 da 959 bi da bi.

Ga ma'aunin da za ka yi lissafi da shi. Kiran murya ta intanet bai cika wuce MB ɗaya a minti ba. Kiran bidiyo yakan ci MB 5 ko fiye a minti, wato rabin awa kullum da iyali zai kai GB 4 zuwa 5 a wata. YouTube a 480p kusan rabin GB ne a awa, a 1080p kuwa ya haura GB 2. A nan ne masu 5G suke kukan cewa tana shan data: da manhaja ta ga hanya a buɗe sai ta ɗaga ingancin bidiyo da kanta. Shiga saitin YouTube da TikTok ka ƙayyade musu.

In layi ya hau amma intanet bai zo ba

Da farko duba APN, wato saitin da yake haɗa layi da intanet, a sashen netwok na layin. Na stc jawalnet.com.sa ne, na Mobily na kati web2, na Zain kuma zain. Yawanci da kansa yake shiga, amma wayar da ta daɗe da layin gida takan riƙe tsohon. Danna mayar da saitin asali, in bai gyaru ba ka rubuta da hannu, ka adana, ka zaɓe shi, ka kashe wayar ka kunna.

Sai nau'in netwok. Bar shi a kan zaɓin da ya haɗa duka, mai sauyawa da kansa. Mutane da yawa sun kulle wayarsu a 3G tun a gida saboda wani dalili na can, suka manta.

Mai layi biyu ya kula da kyau. Ajiye layin gida a ciki yana da amfani, domin saƙon banki yana shigowa ta kansa, kuma karɓar tes a waje galibi kyauta ne. Amma ka tabbata layin Saudiyya ne aka zaɓa wa data, ka kashe datar romin a kan na gida, ka kashe zaɓin da yake barin waya ta sauya layin data da kanta, in ba haka ba kuɗin da ke layin gida zai narke cikin mintuna. A tsofaffin wayoyi rami ɗaya ne kawai yake hawa 4G, ɗayan 2G, don haka in abin ya ƙi, musanya musu wuri. WhatsApp ɗinka ba ya buƙatar canjin lamba, in ya tambaye ka ka ce a bar ta da.

Kiran WhatsApp kuwa batunsa daban. Saudiyya ta ɗage takunkumin kira ta intanet a Satumban 2017 ga manhajoji da dama, amma kiran WhatsApp ba kullum yake shiga a layukan ƙasar ba, shi ya sa za ka ga mutane sun koma IMO da makamantansa. In saƙo da bidiyo suna tafiya amma kira ya ƙi, ba gudun layinka ba ne, kada ka ɓata kuɗi wajen canza shi.

Gane ainihin abin da ke damun sabis

Sandunan sabis ba ma'auni ba ne na ƙwarai, kowane kamfanin waya da yadda yake zana nasa. Lambar gaskiya ita ce RSRP, ma'aunin ƙarfin sigina. A Samsung danna *#0011#, a iPhone *3001#12345#* sannan maɓallin kira, a sauran Android da yawa *#*#4636#*#*, ko ka duba matsayin layi a cikin bayanin waya. Lambar da alamar ragi take zuwa, kuma wadda ta fi kusa da sifili ita ta fi kyau: -80 sigina ne mai ƙarfi, -90 mai kyau, -100 na lallaɓawa, daga -110 zuwa ƙasa kuwa kana bakin yankewa. In ka ga SINR, shi tsabtar siginar yake nunawa: sama da 13 lafiya, kusa da sifili hayaniya ta yi yawa.

Daga nan sai ka yi gwajin gudu da Speedtest, sau ɗaya da sassafe, sau ɗaya bayan Isha'i. Ka yi hattara, gwaji ɗaya a kan 5G yana iya cinye ɗaruruwan MB. In RSRP ya yi rauni kuma gudun ba shi da kyau safe da dare, nisa ne ko bango, sai ka matsa kusa da taga ko ka gwada kamfanin da turkensa ya fi kusa. In sigina yana da ƙarfi, da safe yana gudu da dare yana rarrafe, cunkoso ne. In sigina yana da ƙarfi amma gudun ya tsaya a wata ƙaramar lamba ɗaya ko da yaushe, to ka cinye kasonka an rage maka gudu, abin da yake faruwa har a wasu tsare-tsaren da ake kira marasa iyaka. In kuma wayar ta yi zafi a hannu, ita ce ta rage wa kanta aiki. Kamfanin Apple ya ce digiri 35 ne iyakar zafin wurin da ya dace a yi aiki da iPhone, zafin Makka kuwa a bazara yana haura 45. Cire mata riga, ɗauke ta daga gaban mota, kada ka haɗa caji da kiran bidiyo a rana.

Mina, Arfa da harabar Harami

A Hajjin 2024 mutum sama da miliyan 1.8 ne suka taru. Kamfanoni suna ƙara turaku har da na kan mota a wuraren ibada, duk da haka turke ɗaya abin da yake da shi ne yake rabawa. Akwai kuma wani dalilin da ba a cika sani ba. Zangunan B40, B41 da n78 suna raba lokaci ne tsakanin saukewa da ɗorawa, kuma kaso mafi tsoka na saukewa ne, tunda a ranakun yau da kullum kallo mutane suka fi yi. Ranar Arfa lamarin juyewa yake yi, kowa yana ɗora bidiyo yana kiran gida. Sai ƙaramar ƙofar ta toshe, sanduna a cike, saƙo yana ta juyawa.

Shirin tun daga masauki ake yinsa. Sauke taswirar Makka da Madina a Google Maps don ta yi aiki ba intanet, ka sa alama a masaukinka da tantinka. Kashe ɗora hotuna na kai tsaye zuwa Google Photos ko iCloud, kashe sabunta manhajoji, kashe saukar hotuna da bidiyon zaurukan WhatsApp, don waɗannan suna cin 'yar hanyar da ka samu ba ka sani ba. Shiga Nusuk tun kana wurin da sabis yake da kyau ka buɗe izininka na ziyarar Rauda kafin ka shiga layi, kada ka bari sai a bakin ƙofa ka fara jiran lambar sirri.

A cikin taron, bi daga mai sauƙi zuwa mai nauyi: rubutu, sai saƙon murya wanda minti ɗaya bai kai rabin MB ba, sai hoto ɗaya a matse. Bidiyo ya jira tsakar dare ko Wi-Fi na masauki. In ka rabu da 'yan tawagarku, kira na layi da tes sun fi saurin shiga a kan kowace manhaja, saboda haka a rubuta lambar Saudiyya ta jagora da ta abokin tafiya a takarda a saka a jakar wuya, musamman ga iyayenmu tsofaffi. Lambar gaggawa a yankin Makka 911 ce, motar asibiti 997. In waya ta maƙale, kunna alamar jirgin sama na daƙiƙa goma ka kashe, sau da yawa takan koma wani turken. In 5G tana zuwa tana tafiya, mayar da wayar 4G kaɗai, za ta fi natsuwa kuma batir zai fi daɗewa. Fawabank mai 10,000 mAh yana cika yawancin wayoyi sau ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma a jirgi a jakar hannu ake saka shi, ba a cikin kayan awo ba.

Rautar gida, inda 5G take biyan kuɗinta

Ga mazauni, amfanin 5G na zahiri a rauta yake. Gidan haya da ba a ja masa wayar intanet ta fayiba ba, ko ɗakin da mutum biyar suke haɗa kuɗi, akwati ɗaya ya ishe su, ba tono ba jiran ma'aikaci. In ginin yana da fayiba, ita ta fi tabbas, don ba ta damu da cunkoson turke ba.

Kafin ka sa hannu, duba taswirar 5G ta kamfanin a kan adireshinka, sannan ka ari waya mai 5G da layin kamfanin ka gwada a cikin ɗakin da dare. Karanta wa'adin yarjejeniya da tarar fita kafin lokaci, ka tambaya ko rautar a kulle take da layinsu. Zangon 3500 ba ya jure bangon kankare da gilashi mai rufin hana zafi, don haka wurin ajiyewa shi ne rabin aikin. Juya rautar, a ƙarƙashinta akwai adireshin shafinta, galibi 192.168.8.1 ko 192.168.0.1, da kalmar sirri. Shiga ka buɗe inda RSRP da SINR suke. Kai ta bakin kowace taga, a ɗan sama, ka jira minti ɗaya lambobin su zauna, ka rubuta. Matsawar taku biyu tana iya canza lambar da maki goma. Inda SINR ya fi kyau nan ne wurinta, ko da RSRP ya ɗan gaza na wata tagar, amma kada rana ta riƙa dukanta kai tsaye, kuma kada a cusa ta bayan talabijin.

Za ka ga sunan Wi-Fi biyu, ɗaya da 5G a ƙarshensa. Wannan gigahaz 5 ne na Wi-Fi, ba shi da alaƙa da 5G ta layi. Ya fi gudu in kana ɗaki ɗaya da rautar, na 2.4 kuma ya fi ratsa bango zuwa ɗakin ƙurya. Canza kalmar sirrin da ta zo da ita tun ranar farko. Na'urar ƙara sigina da ake sayarwa a ɓoye kuwa ka nisance ta, hukuma ta hana amfani da marar lasisi, tana kuma lalata wa maƙwabta sabis.

Dalilin da yake sa 5G a waya takan ba mutane kunya shi ne yawancinta a jingine take da 4G, tsarin da ake kira NSA: 4G ce take riƙe da haɗin, 5G tana ƙara gudun saukewa. Wayar tana aiki da rediyo biyu, batir yana saurin sauka, alamar kuma tana iya nuna 5G alhali a cikin ɗaki 4G ce take ɗauke da kayan. Tsarin SA, mai cin gashin kansa, shi ne yake rage jinkiri sosai, kuma sannu a hankali ake shimfiɗa shi. Wanda zai sayi sabuwar wayar da yake so ta kai shi shekara uku ko huɗu, ya nemi mai n78 da n41 wadda aka rubuta tana ɗaukar NSA da SA duka, ya gwada VoLTE da layinsa a cikin shagon kafin ya ƙirga kuɗi. Wanda wayarsa take da B3, B20, B28 da B40, kiransa kuma ba ya faɗowa E, ya riƙe abarsa har ta gaji.